Idan Maganin Farfaɗiya Ya Yanke a Kasuwa: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Ciwon da Masu Jinyarsu

Aikina harhaɗa magunguna ne, kuma a shekarun da na yi a bayan tagar ɗakin magani babu abin da ya fi tsaya mini a rai kamar uwar da ta kwance bakin zaninta ta fito da katin magani wanda ƙwaya biyu kacal suka rage a jikinsa, ta ce tun safe take zaga kantuna ba ta samu irinsa ba, alhali yaron da ke shan maganin shekara guda ke nan rabonsa da faɗuwa. Tambayoyin da ke ƙasa irin waɗanda iyaye da masu ciwon suke yi mini ne a irin wannan rana. Na rubuta sunayen magunguna yadda suke a jikin kwali, domin da wannan rubutun za a neme su. Hukunci a kan maganin kowane mutum yana hannun likitan da ya san shi, amma akwai abubuwan da ya kamata kowane gida ya sani tun kafin a kai ga likitan.

Me ya sa maganin da na saba saya yake ɓacewa haka kwatsam?

Mafi yawan magungunan farfaɗiya da ake sha a Nijeriya da Nijar daga waje ake shigo da su, musamman daga Indiya da ƙasashen Turai, kuma ko waɗanda ake bugawa a cikin gida sinadarinsu daga waje yake zuwa, da dala ake sayensa. Tun daga watan Yunin 2023 da aka sakar wa naira mara, dalar da ake samu a kan kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura naira 1,500 a watan Fabrairun 2024, sai masu shigo da kaya da dama suka rage odarsu ko suka jinkirta ta suna jiran su ga inda kasuwa za ta tsaya. A shekarar 2023 ɗin ne kuma kamfanin GSK mai yin Lamictal (wato lamotrigine) da kamfanin Sanofi mai yin Epilim, dukansu magungunan farfaɗiya, suka sanar cewa za su daina rarraba kayansu da kansu a Nijeriya, su miƙa aikin ga dillalai. Ba a daina yin magungunan ba, amma duk lokacin da kaya suka sauya hannu irin haka akan samu giɓi, farashi kuma yakan tashi. A Nijar kuwa, takunkumin ECOWAS da rufe iyakoki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 sun toshe hanyar Kwatano ta ƙasar Benin wadda yawancin kayan Nijar suke bi a lokacin, magunguna kuma suna cikin abin da ya maƙale.

Phenobarbitone yana da tasa matsalar daban. Yana cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa ido, don haka shigo da shi da ajiye shi suna buƙatar izini da rajista, ga shi kuma maganin mai araha ne, ribarsa kaɗan ce. Ɗan kasuwan da ya auna wahalar takardun da abin da zai samu sau da yawa yakan haƙura da shi. Ko Birtaniya ba ta tsira ba, domin a 2024 masu farfaɗiya a can sun yi fama da ƙarancin carbamazepine da lamotrigine.

Idan na yi kwana biyu ko uku ban sha ba, wane haɗari ne a ciki?

Maganin farfaɗiya ba ya cire ciwon daga ƙwaƙwalwa, danne shi yake yi, kuma yana iya danne shi ne kawai muddin akwai isasshen maganin a cikin jini dare da rana. Jiki kuwa ba ya daina fitar da shi. Levetiracetam rabinsa yakan fita cikin awa shida zuwa takwas, sodium valproate da carbamazepine cikin ƙasa da kwana ɗaya, don haka mai shan ɗayansu da ya yi kwana biyu bai sha ba kusan babu sauran kariya a jikinsa. Phenobarbitone yakan daɗe, rabinsa na iya kai kwana huɗu kafin ya fita a jikin babba, wannan ne ma yake yaudarar mutane: sai a ga kwana uku lafiya ƙalau a ɗauka an warke, sai ciwon ya dawo a ƙarshen mako da ƙarfin da bai taɓa zuwa da shi ba, domin ƙwaƙwalwar ta saba da maganin kuma an janye mata shi lokaci guda.

Abin da muka fi jin tsoro shi ne jijjigar da ba ta tsayawa, wato wadda ta wuce minti biyar ko wadda take maimaituwa ba tare da mutum ya farfaɗo a tsakani ba. Irin wannan tana iya illata ƙwaƙwalwa, tana iya kisa, kuma daina shan magani kwatsam yana cikin manyan abubuwan da ke jawo ta ga masu farfaɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba tare da faɗuwa ba idan suna samun maganin da ya dace. Wanda ya riga ya shiga cikin waɗannan kashi 70 bai kamata ya fita don katsewar mako guda ba.

Yaushe ya kamata in fara neman wani?

Ranar da na mako biyu ya rage. A ƙirga ƙwayoyin, a raba da adadin da ake sha kullum, a rubuta ranar ƙarewa a bango ko a waya. Mai sauran mako biyu yana da damar zaga kantuna, ya buga waya wani gari, ya ga likita idan canji ya zama dole. Mai ƙwaya biyu a hannu kuwa duk abin da aka miƙo masa zai karɓa.

Mai kanti ya ce babu nawa, amma akwai "irinsa". In karɓa?

A nan ne aka fi yin kuskure, don haka zan ɗan tsawaita. Kowane magani suna biyu gare shi: sunan da kamfani ya raɗa masa, wanda ake rubutawa da manyan baƙaƙe, da sunan sinadarin da ke ciki, wanda ake rubutawa a ƙasa da ƙanana. Tegretol sunan kamfani ne, sinadarinsa carbamazepine. Epilim da Dépakine sinadarinsu sodium valproate, Keppra levetiracetam ne, Epanutin phenytoin ne, Gardénal da ake sayarwa a Nijar phenobarbitone ne. Sau da yawa abin da ya yanke sunan kamfani ɗaya ne kawai, sinadarin yana nan a kwalin wani kamfanin. Idan "irinsa" yana nufin sinadari ɗaya, ƙarfi ɗaya, nau'i ɗaya daga wani kamfanin da ke da rajista, to karɓarsa ya fi zama babu magani nesa ba kusa ba. Idan kuwa yana nufin wani sinadari daban wanda shi ma "na farfaɗiya ne", to kada a karɓa sai da sa hannun likita.

Ko a sinadari ɗaya akwai bambanci tsakanin magunguna. A 2013 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta kasa magungunan farfaɗiya kashi uku. Kashi na farko, wato phenytoin, carbamazepine, phenobarbitone da primidone, ta ce a riƙa barin mai ciwo a kan na kamfani ɗaya, domin ɗan bambanci kaɗan a yadda jiki ke tsotse su yana iya kai mutum ga faɗuwa ko ga maye. Kashi na biyu, irin su sodium valproate da lamotrigine, a duba halin mai ciwon kafin a sauya. Kashi na uku, irin su levetiracetam, galibi babu damuwa idan an sauya kamfani. Abin lura shi ne uku daga cikin na kashin farko su ne waɗanda mutanenmu suka fi sha. A lokacin ƙaranci ba koyaushe ake da zaɓi ba, saboda haka shawarata ita ce idan dole ta sa an sauya kamfani, a sayi abin da zai kai wata ɗaya ko fiye daga kamfanin guda maimakon a riƙa tsallake-tsallake kowane mako, a rubuta ranar da aka fara sabon, sannan a sa ido na mako biyu zuwa huɗu. Jiri, gani biyu-biyu, tangaɗi da barcin da ya wuce kima alamu ne na maganin ya yi yawa. Dawowar ƙananan alamun ciwon kuwa, irin su ƙura ido ko fizgar hannu da safe, alama ce ta ya yi kaɗan. Kowanne aka gani a sanar da likita.

Sunan ɗaya ne, amma lambar da ke jiki ko siffar maganin ta bambanta. Yaya zan yi?

Lambar ita ce ƙarfin maganin a miligiram. Mai shan 400 da bai samu ba zai iya shan 200 guda biyu idan nau'insu ɗaya ne, amma mai harhaɗa magani ne ya kamata ya yi lissafin ya rubuta a jikin kwali, musamman idan wanda ke ba da maganin a gida bai iya karatun boko ba.

Sai a duba ko akwai haruffa irin su CR, SR, LP, Retard ko Chrono bayan sunan. Waɗannan ƙwayoyi an yi su ne su riƙa narkewa sannu a hankali tsawon yini, ba a dakansu, ba a tauna su. Idan za a koma kan wanda ba shi da waɗannan haruffa, yawanci sai an raba shan zuwa sau da yawa a rana, wannan kuma aikin likita ne.

Na ruwa na yara ya fi buƙatar hattara, musamman ga mutanen bakin iyaka da ke sayen magani a Katsina yau, gobe a Maraɗi. Ruwan Epilim yana da miligiram 200 a cikin mililita biyar, amma akwai ruwan Dépakine da ake sayarwa a ƙasashe masu amfani da Faransanci wanda ke da miligiram 200 a cikin mililita ɗaya tak. Dukansu an rubuta 200 a jikin kwalba, amma na biyun ya ninka na farkon sau biyar a ƙarfi, kuma uwar da ta auna wa ɗanta adadin da ta saba daga sabuwar kwalbar za ta ba shi ninki biyar na abin da likita ya rubuta. Saboda haka a san adadin yaro da miligiram, ba da cokali ba, a kuma auna da sirinjin da ya zo tare da kwalbar.

Zan iya raba ƙwayar biyu, ko in sha sau ɗaya maimakon sau biyu, don ya kai ni ƙarshen wata?

Na san abin da ke sa a yi wannan tambaya, kuma ba na ganin laifin wanda ya yi ta, domin mun saba cewa da babu gara ba daɗi. Sai dai a wannan ciwo rabin magani sau da yawa ba ya ba da rabin kariya, yakan sauke maganin ƙasa da mizanin da ke danne ciwon gaba ɗaya, sai ya zamana ana kashe ƙwayoyin kuma ba a tsira daga faɗuwa ba. Abin da ya fi shi ne a ci gaba da shan cikakken adadi, a yi amfani da kwanakin da suka rage wajen nema da ganin likita. Idan an tabbatar ba za a samu ba kafin ya ƙare, a je asibiti da sauran ƙwayoyin a hannu, domin da su likita zai tsara yadda za a sauka daga wannan a hau wani a hankali. Wannan tsari yana yiwuwa ne kawai idan akwai sauran tsohon maganin, shi ya sa zuwa da wuri yake da muhimmanci.

Maƙwabciyata tana da mai farfaɗiya, zan iya aron nasu?

Idan sinadari, ƙarfi da nau'in duk ɗaya ne, kuma mai harhaɗa magani ya duba kwalayen biyu ya tabbatar, aron kwana ɗaya ko biyu ya fi tsallake magani. Idan ba ɗaya ba ne, a'a. Farfaɗiya iri-iri ce, kuma carbamazepine da ke yi wa wani aiki yana iya tsananta ciwon yaron da irin nasa na ƙura ido ne ko na fizga.

Idan babu shi sam har likita ya ce sai an sauya zuwa wani sinadari, me ya kamata in gaya masa?

A gaya masa duk wani magani da ake sha, domin phenobarbitone, phenytoin da carbamazepine suna sa hanta ta gaggauta lalata wasu magunguna. Suna rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa da ashanar da ake sakawa a damtse, har mace ta ɗauki ciki tana tsammanin tana da kariya, amma allurar wata uku da robar mahaifa ba su da wannan matsala. Suna rage ƙarfin wasu magungunan cuta mai karya garkuwar jiki da wasu na zazzaɓin cizon sauro, rifampicin na tarin fuka kuma shi ma yana rage ƙarfin wasu magungunan farfaɗiya.

Mace mai ciki, ko wadda take shekarun haihuwa, ta faɗa tun kafin a tambaye ta. Sodium valproate magani ne mai kyau ƙwarai wajen danne ciwon, amma idan aka sha shi da ciki kusan jariri ɗaya cikin goma yakan zo da nakasa a halitta, kuma uku zuwa huɗu cikin goma sukan samu matsalar koyo da girman ƙwaƙwalwa. Don haka bai kamata a mayar da budurwa ko matar aure kansa ba don kawai shi ne ke kanti a ranar. Wadda kuma ta riga tana shansa ta gane tana da ciki, kada ta daina da kanta, ta je asibiti a ranar, domin jijjiga ita ma haɗari ce gare ta da abin da ke cikinta.

Bayan an fara sabon magani, musamman lamotrigine, carbamazepine, phenytoin ko phenobarbitone, duk ƙurajen da suka fito a makonnin farko, balle idan da zazzaɓi, jan ido ko gyambon baki, a garzaya asibiti ba tare da jiran ranar komawa ba.

Ina ya fi dacewa in nema?

A fara da ɗakin magani na asibitin da ake ganin likita, sannan manyan asibitocin da ke da sashen ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, domin su ne suke sayen waɗannan magunguna da yawa: Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, Kware da Maiduguri, asibitin Dawanau a Kano, ko Babban Asibitin Ƙasa na Yamai ga mutanen Nijar. Bayan su sai manyan kantunan magani masu rajista waɗanda ke da ƙwararren mai harhaɗa magani a ciki. Ƙaramin kemis na unguwa lasisinsa bai kai ga sayar da irin waɗannan magunguna ba, don haka rashinsa a can ba ya nufin babu shi a gari.

A tafi da takardar likita da tsohon kwalin, a kuma ɗauki hotonsu a waya domin a tura wa ɗan'uwa da ke wani gari ya duba. Idan an je kanti aka ce babu, kada a juya nan take, a tambayi mai harhaɗa maganin ko zai iya yin oda daga dillali, kwana nawa zai ɗauka, kuma wane kanti yake ganin zai samu. Mu masu wannan aiki mun san juna, kuma kiran waya ɗaya daga gare mu yakan rage wa mutum yawon yini guda.

Ta yaya zan kauce wa jabu?

Lokacin ƙaranci shi ne kakar masu jabu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2017 cewa kusan ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita jabu ne ko marasa inganci. A Nijeriya a duba lambar rajistar NAFDAC (hukumar kula da ingancin abinci da magunguna), lambar rukunin da aka buga maganin da ranar ƙarewar wa'adinsa, a tabbatar abin da ke jikin kwali shi ne ke jikin katin da ke ciki. Idan akwai wurin kankarewa a kankare a tura lambar. Kada a sayi ƙwayoyin da aka ƙirgo tsirara a leda ba suna, ko na masu talla a tasha da kasuwar ƙauye waɗanda rana ke duka yini guda. Farashin da ya faɗi ƙasa ƙwarai a lokacin da kowa ke nema shi kansa abin tuhuma ne.

Na riga na yi kwanaki ban sha ba, yanzu na samu. In ci gaba daga inda na tsaya?

Idan sha ɗaya ne aka tsallake, ƙa'idar da aka fi bi ita ce mai sha sau biyu a rana ya sha idan bai wuce awa shida da lokacin ba, idan ya wuce ya jira na gaba. Mai sha sau ɗaya ya sha da zarar ya tuna, sai dai idan lokacin na gobe ya kusa. Ba a ninka magani don a rama wanda aka rasa.

Idan kwanaki ne, a tambayi likita kafin a koma. Lamotrigine musamman, wanda ya yi kamar kwana biyar bai sha ba yawanci sai ya sake farawa daga ƙaramin adadi ya hau a hankali, domin komawa kan cikakken adadi lokaci guda yana iya jawo mummunar saɓar fata. Carbamazepine ma bayan dogon hutu yakan bugar da mutum idan aka koma da cikakken ƙarfinsa. A gaya wa likita gaskiyar kwanakin da aka yi, ko da rashin kuɗi ne ya jawo. Idan aka ɓoye masa, zai ɗauka maganin ne ya gaza, ya ƙara adadi ko ya sauya wanda ba shi da laifi.

Wace kariya za mu ɗauka a gida a kwanakin da babu magani ko ake sauyawa?

A ɗauka ciwon zai iya tashi kowane lokaci. Mai ciwon ya bar tuƙin mota, babur da Adaidaita Sahu, kada ya hau bishiya ko gini, kada ya je rafi, kududdufi ko bakin rijiya shi kaɗai, kada ya kulle ƙofar banɗaki ta ciki. Mace mai ciwon ta bar wa wata mace girki a murhu a waɗannan kwanaki, domin ƙunar wuta tana cikin munanan raunukan da muke gani ga masu farfaɗiya, ta kuma shayar da jariri tana zaune a ƙasa kan tabarma. A samu isasshen barci, a ci abinci a kan lokaci, a magance zazzaɓi da wuri, a guji tramadol wanda shi kansa yana tayar da jijjiga. Wani ya riƙa kwana ɗaki ɗaya da mai ciwon.

Idan ya faɗi, a duba agogo, a kawar da wuta da abubuwa masu kaifi, a sa masa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a kwantar da shi a gefe ɗaya da zarar an samu dama domin yawu ya zubo waje. Kada a danne shi, kada a cusa cokali ko tsinke a bakinsa, kada a ɗura masa ruwa, manja ko magani, kada a yi masa hayaƙi a fuska. Yawunsa ba ya yaɗa ciwon, wanda ya taɓa shi ba zai ɗauka ba, kuma ina roƙon a gaya wa maƙwabta da malaman makaranta wannan, domin na ga yaron da aka watse aka bari shi kaɗai a bakin hanya saboda wannan tsoro. Idan jijjigar ta kai minti biyar, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, ko ya ji rauni, ko mai ciki ce, a kai sashen agajin gaggawa mafi kusa nan take. Waɗanda ke nesa da asibiti su tambayi likita tun da wuri ko ya dace a ba su maganin gaggawa irin diazepam da ake sawa ta dubura, a kuma koya musu yadda ake amfani da shi.

Tunda na asibiti ya yi wuya, ba gara mu koma na gargajiya ko ruƙiyya ba?

Addu'a ba ta cin karo da ƙwaya, a yi ta dare da rana, kuma malamai na gari da kansu sukan ce a haɗa da neman magani. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne duk wanda zai sa sharaɗin a ajiye na asibiti kafin nasa ya yi aiki, da kuma jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, waɗanda za su iya taɓa hanta ko su sauya ƙarfin maganin da ke jini. Idan ana shan wani abu irin wannan a faɗa wa likita.

Idan na samu, in sayi na wata shida in ajiye?

Na wata biyu zuwa uku ya wadatar ga wanda adadinsa ya daidaita, idan aljihu ya ba da dama, a kuma riƙa fara shan tsohon kafin sabon. Yaro yana girma, adadinsa yana tafiya da nauyinsa, don haka tara masa mai yawa na iya zama asara. Kwashe duk abin da ke kanti kuma yana barin uwa ta gaba a layi hannu wayam.

Ajiya ma tana da ƙa'ida. Sodium valproate yana jan danshi, don haka ba a ɓare shi daga katinsa sai lokacin sha, carbamazepine kuma idan ya sha danshin damina ba ya narkewa yadda ya kamata a ciki. A ajiye su a wuri mai sanyi da bushewa, nesa da ɗakin girki da taga, ba cikin mota ba, inda hannun yara ba ya kaiwa.

Idan kuɗi ne matsalar, ba rashin maganin a kasuwa ba, a faɗa wa likita kai tsaye, domin sau da yawa akwai na wani kamfani mai rajista da ya fi araha, ko wani tsari da gidan zai iya ɗauka wata bayan wata. A tambayi sashen walwala na asibiti, a bincika ko ana iya shiga inshorar lafiya ta NHIA ko ta jiha. A wasu gidaje 'yan'uwa sukan raba watannin shekara a tsakaninsu, kowa ya san watan da sayen maganin yake kansa, wanda ke birni kuma shi ke saye ya aiko da direban da aka sani tun ana sauran mako biyu.